Ba Girin-Girin Ba, Ta Yi Mai: Tarihin Bugun Rami a Filayen Ƙwallon Lambu na Arewa

Wasanni uku da Turawan mulki suka shigo da su ƙasar Hausa, kowanne da inda rabonsa ya kai shi. Ƙwallon ƙafa ya bazu har ƙauyen da mota ba ta zuwa, domin ba ya neman komai sai fili da tsumma a ƙulle. Ƙwallon dawaki ya shiga fada. Sarkin Katsina Muhammadu Dikko ya karɓe shi hannu bibbiyu a shekarun 1920, ɗansa Usman Nagogo kuma ya zama gwanin da har yau ake ba da labarinsa. Na ukun shi ne golf, wanda gidajen rediyo suka raɗa wa suna ƙwallon lambu. Shi kam a bayan shingen unguwar Turawa ya sauka, kuma bayan shekaru fiye da 100 bai yi nisa da wurin ba.

Mu a Kafur ba mu da filin wannan wasa. Mai son ganinsa sai ya je Zariya, ko Kano, ko Kaduna. Don haka ba laifi idan aka tambaya me ya haɗa manomin masara da waken suya da wasan manya. Abin da ya haɗa mu shi ne ƙasa. Sashen ƙarshe na wasan, inda ake mirgina ƙwallo ta faɗa rami, aiki ne na sanin gangare da laushi da danshi, irin sanin da kowane mai fartanya yake taƙama da shi. Wanda ya bi tarihin yadda aka inganta wannan bugu zai ga duk lokacin da hannun ɗan wasa ya sauya salo, ƙasar da yake takawa ce ta fara sauyawa. Arewa kuwa ta taɓa samun irin tata ƙasar da irin nata salon, ga shi muna dab da mantawa da su.

Aski ya zo gaban goshi

Cikakken filin ƙwallon lambu ramuka 18 gare shi. A kowane rami ɗan wasa yana farawa daga nesa, wani lokaci mita 400 ko fiye, yana ɗaga ƙwallo sama da sanduna iri-iri har ta iso wani fage mai laushi da ke kewaye da ramin. Turawa suna kiran wannan wuri girin saboda koren ciyawarsa, mu kuwa bari mu kira shi fagen rami. Da ƙwallo ta hau fagen nan an gama ɗaga ta sama. Sai a ɗauko wata sanda mai shafaffiyar fuska a tura ta, ta mirgina a ƙasa. Wannan turin shi muke nufi da bugun rami.

Faɗin ramin milimita 108 ne, wato inci 4 da kwata. Ƙwallon kuma ba ta cika milimita 43 ba. A lissafin wasan, filin da aka ƙiyasta gwani zai gama da bugu 72 an ware wa bugun rami 36 daga ciki, biyu a kowane rami. Bugun da ya tashi mita 250 ɗaya ake ƙirga shi, turin da bai wuce taƙi guda ba shi ma ɗaya ne. Shi ya sa masu wasan suka fi jin tsoron ɗan gajeren nan. A 1970, a filin St Andrews na ƙasar Sikotilan, Ba'amurke Doug Sanders ya zo rami na ƙarshe na gasar Open, saura masa turin da bai fi ƙafa 3 ba ya ɗauki kofi. Ƙwallon ta bi ta gefen rami ta wuce. Washegari Jack Nicklaus ya doke shi a wasan raba gardama, kuma har ya bar duniya Sanders bai ci wata babbar gasa irin wannan ba. Aski in ya zo gaban goshi ya fi zafi.

Yashi tun daga tushe

A Sikotilan wasan ya girma. A 1457 Sarki James na Biyu ya hana shi, domin yana ɗauke hankalin samari daga koyon harbin baka. A jigawar bakin teku ake yin sa, ƙasar rairayi wadda ba ta noma, inda tumaki da zomaye suke kiwo su rage tsawon ciyawa. Dokoki 13 na farko da aka rubuta a Leith a 1744 sun umarci ɗan wasa ya fara bugun rami na gaba daga kusa da bakin ramin da ya gama, tazarar da ba ta wuce tsawon sanda ba. 'Yan wasa kan sa hannu cikin ramin su ɗebo yashi su ɗora ƙwallo a kai. Ke nan wurin da ake mirgina ƙwallo shi ne wurin da aka fi tattakewa, ramin ma kullum ƙara faɗi yake yi. A irin wannan ƙasa sa'a ta fi gwaninta yawa.

Gyaran ƙasa ne ya fara mayar da abin sana'a. Kulob ɗin Musselburgh ya samu ƙarfen yanka rami a 1829, kuma faɗin bakin wannan ƙarfe ne hukumar wasan ta St Andrews ta mayar doka a 1891. Tom Morris babba, wanda ya kula da filin St Andrews kusan shekaru 40 daga tsakiyar shekarun 1860, ya shahara da yayyafa yashi a kan ciyawar fage don ta yi santsi ta daidaita. Da wasan ya ƙetara zuwa wuraren da ciyawar Turai ba ta jure zafi, sai aka bar ciyawar gaba ɗaya aka riƙe yashin. Filin Pinehurst na Amurka, wanda yau ake yin manyan gasanni a kansa, da fagen yashi ya yi aiki har 1935. Yana da kyau mu riƙe wannan, domin akwai masu ɗaukar fagen yashi a matsayin alamar talaucin Afirka.

Yashi da baƙin mai

Sojojin Lugga sun ci Kano a 1903, Katsina ta miƙa wuya a shekarar. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, Kaduna ta zama hedikwatar Arewa a 1917. Duk inda Turawa suka taru, kulob ne yake biyo bayan bariki da ofis. Masu haƙar kuza a Jos suka buɗe filin Rayfield, wanda yake ƙirga shekarunsa daga 1913. Kulob ɗin Kaduna yana ƙirga nasa daga 1921. Kano da Zariya su ma suka samu nasu a unguwannin Turawa.

Yankinmu ya shiga wannan labari ta hanyar auduga. Ƙasar Gozaki da kewayenta sun san noman auduga tun kafin zuwan Bature. A ƙarshen shekarun 1920 aka ja layin dogo daga Zariya ya bi ta Funtuwa zuwa Gusau da Ƙauran Namoda, kamfanin BCGA kuma ya kafa injinan gurzar auduga a Funtuwa da Malumfashi, har yau sunansa bai ɓace a bakin mutanen Funtuwa ba. Ma'aikatan irin waɗannan kamfanoni, da na jirgin ƙasa, da jami'an mulki, su ne 'yan kulob. Audugar da kakanninmu suka kai kasuwa a kan jakuna tana cikin dukiyar da ta riƙe wannan rayuwa, alhali ƙofar kulob ɗin a rufe take ga baƙar fata har wajen ƙarshen mulkin mallaka.

Matsalar da Turawan suka tarar kowane manomi ya san ta. Daga Oktoba zuwa wajen Mayu babu ruwan sama. Hunturu yana busar da ciyawa, gara ta cinye saura, rana ta gasa ƙasa ta yi tauri kamar daɓe. Babu famfo, babu rijiyar burtsatse. Sai suka yi abin da aka yi a sauran ƙasashe masu zafi. A share da'ira, a daɓe ta, a tankaɗe yashi mai laushi, a cuɗa shi da baƙin mai na inji, a shimfiɗa. Man yana hana iska kwashe yashin, yana hana ciyawa tsirowa, yana kuma sa ƙwayoyin su kama juna har ƙwallo ta iya mirginawa a kai. Da yake launinsa ya koma ruwan ƙasa, sai suka bar ce masa girin suka koma ce masa burawun.

Wasa a kan burawun yana da nasa hukunci. Ƙwallon da ta faɗo daga sama ba ta tsalle, nan take take lumewa ta tsaya. Kowane taku yana barin sawu, don haka kafin a yi bugun rami sai an share hanya daga inda ƙwallo take zuwa bakin rami, ta hanyar jan buhu ko guntun darduma ko ƙarfe mai santsi. In an gama sai a bi fagen duka a zagaye a shafe sawun, saboda masu zuwa a baya. Yawancin burawun a shimfiɗe yake, ba tudu ba kwari, domin yashin da aka zuba a gangare ruwan damina zai tafi da shi. Saboda haka ƙwallo ba ta cika karkata ba. Abin da yake sauyawa shi ne gudu. Sabon mai yana riƙe ƙwallo, wanda ya sha rana ya bushe yana sakinta, kaurin yashi ma yana da nasa tasiri, kuma fagen da aka buga da sanyin safiya ba shi ne na azahar ba. Salon da ya dace da wannan ƙasa shi ne gajeren bugu mai ƙwari, a nufi tsakiyar rami kai tsaye, kada a yi wa ƙwallo lallashi. Wanda ya ji tsoro ya sassauta hannu, yashi zai cinye bugunsa tun kafin rabin hanya.

Hannun da ya ja buhu

Bature ba ya ɗaukar jakar sandunansa, ba ya kuma share wa kansa hanya. Yaran gari ne suke yi. Su suke tankaɗe yashi, su cuɗa mai, su ja buhu, su nemo ƙwallon da ta ɓace a cikin ciyawa. Mai jan buhu yana da iko fiye da yadda ake zato. In ya danna hannu kaɗan sai ya bar 'yar kwari wadda za ta raka ƙwallo har rami, in ya yi sakaci kuma ya bar tudun da zai kautar da ita. Yaron da ya yi shekara biyar yana wannan aiki ya ga dubban bugu a fage ɗaya, da safe da yamma, rani da damina. Maigidansa kuwa sau ɗaya ko biyu a mako yake zuwa, bayan 'yan shekaru a yi masa canjin wurin aiki. Ba sai an faɗa ba, an san wanda ya fi sanin ƙasar a cikinsu.

Daga cikin irin waɗannan yara ne ƙwararrun 'yan wasan Nijeriya suka fito. Suna koyo da sandar da aka jefar, ko wadda suka lanƙwasa da kansu, a lokacin da masu kulob ba sa nan. Bugun rami shi ne abin da suka fi samun damar maimaitawa, tunda ba ya buƙatar sarari, ba ya kuma ɓatar da ƙwallo. Allunan katako da ke rataye a bangon kulob sunayen shugabanni da masu cin kofi suke ɗauke da su. Waɗanda suka gina fagen suka kuma fi kowa saninsa ba sa ciki.

Burawun ya kai Nijeriya idon duniya, ko da yake a Legas aka yi bikin. Daga 1969 aka fara gasar Nigerian Open, wadda filin Ikoyi ya fi karɓar baƙuncinta, ƙwararrun Turai kuma suna zuwa lokacin da sanyi ya rufe nasu filayen. Lee Elder ya ci ta a 1971, shekaru huɗu kafin ya zama baƙar fata na farko da ya buga gasar Masters a Amurka. Sandy Lyle ya samu nasararsa ta farko a matsayin ƙwararre a nan a 1978. A 1981 Peter Tupling na Ingila ya gama zagaye huɗu da bugu 255, adadin da ya zama abin tarihi a duniyar wasan a lokacin. Vijay Singh na Fiji ya ci gasar a 1988 da 1989, kafin ya zama na ɗaya a duniya. Ƙarancin bugun Tupling yana koya mana wani abu. Idan aka share yashi da kyau, gwani ya gane gudunsa, ƙwallo ba ta da abin da zai kautar da ita. Fagen da ake rainawa ya fi na ciyawa gaskiya a wasu ranakun.

Ƙasa ta sauya, hannu ya bi

A can inda aka riƙe ciyawa, labarin bai bambanta ba. Har zuwa shekarun 1960 ciyawar fage tana da ɗan tsawo, ƙwallo ba ta gudu sosai, don haka manyan gwanaye irin su Arnold Palmer da Billy Casper da wuyan hannu suke bugu, su ɗan ƙwanƙwasa ƙwallo ta zabura. Bobby Locke na Afirka ta Kudu, wanda ya ci gasar Open sau huɗu tsakanin 1949 da 1957, ya koyi nasa salon ne a kan ciyawar ƙasarsu mai kauri, wadda take kwantawa gefe guda ta ja ƙwallo. Salon waɗannan mutane ya fi kusa da na yaran burawun fiye da abin da muke gani a talabijin yau.

A 1935 wani Ba'amurke mai suna Edward Stimpson ya ƙirƙiro ma'aunin gudun fage. Sanda ce mai kwari a tsakiya, a ɗora ƙwallo a ɗaga gefe guda har ta gangaro, sannan a auna ƙafa nawa ta yi tafiya. Hukumar wasan ta Amurka ta gyara shi ta raba wa filaye a ƙarshen shekarun 1970. Awon farko da aka yi a faɗin ƙasar ya nuna matsakaicin gudu wajen ƙafa 6 da rabi. Da aka samu abin awo sai filaye suka shiga gasar santsi, injinan yanka suka inganta, har yau ana aske ciyawa zuwa wajen milimita 3, gudun fagen manyan gasanni kuma ya kai ƙafa 12 ko fiye. A kan irin wannan santsi ƙwanƙwasar wuyan hannu haɗari ce. Sai aka koma kulle wuyan hannu, kafaɗu su yi lilo kamar marfin ƙofa, sanda ta tafi baya ta dawo a hankali.

Sanda ma ta bi sahu. Walter Travis ya ci gasar 'yan sha'awa ta Birtaniya a 1904 da wata sanda mai ƙota a tsakiyar kai, bayan 'yan shekaru hukumar St Andrews ta haramta irinta, haramcin da ya kai farkon shekarun 1950. A 1966 injiniya Karsten Solheim, mai kamfanin Ping, ya fito da sandar Anser wadda aka raba nauyinta zuwa gefe biyu na kai, don kada fuska ta juya idan ƙwallo ba ta sami tsakiya ba. Yawancin sandunan da ake sayarwa yau jikokinta ne. Santsin fage kuma ya ƙara tsananta wata cuta ta 'yan wasa, rawar hannu da kan kama gwani a gajeren bugu har ya kasa sarrafa yatsunsa. Sam Snead ya gudu daga gare ta ta hanyar tsayawa ƙwallo na tsakanin ƙafafunsa yana fuskantar rami, aka hana wannan a 1968. Bernhard Langer na Jamus ya sauya riƙo sau da yawa saboda ita. Wasu suka koma doguwar sanda suna tokare ta a ƙirji ko ciki, aka hana tokarewar daga 1 ga Janairu 2016. Kowace dabara a cikin waɗannan amsa ce ga tambayar da ƙasa ta yi.

Abin da awo ya tabbatar

Daga 2011 gasar ƙwararru ta Amurka ta fara aiki da lissafin Farfesa Mark Broadie na Jami'ar Columbia, wanda yake gwada kowane bugu da abin da sauran gwanaye suke yi daga tazara ɗaya. Lissafin ya rage wa mutane ruɗu. Daga ƙafa 3 ƙwararru kusan ba sa kuskure, amma daga ƙafa 8 rabi kawai suke jefawa. Daga nesa kuwa burinsu shi ne su ajiye ƙwallo kusa, kada bugu biyu ya zama uku.

Abin da masu koyarwa suka haɗu a kai bai wuce uku ba. Na farko fuskar sanda: inda take kallo a lokacin da ta taɓa ƙwallo shi yake yanke mafi yawan hukuncin inda ƙwallon za ta nufa, don haka ake son ido ya kasance bisa ƙwallo, kai kuma kada ya ɗago sai ta tafi. Na biyu ƙarfin bugu: ƙwallon da ta zo da gudu ramin yana ƙanƙance mata, ta taɓa baki ta fice, wadda ta zo a gajiye kuma kowane ɗan tudu yana juya ta. Dave Pelz, wanda ya bar aikin hukumar sararin samaniya ta Amurka ya koma binciken wannan bugu, ya ba da shawarar ƙarfin da zai wuce da ƙwallo inci 17 bayan rami idan ba ta faɗa ba. Na uku karanta gangare, kuma a nan yawancin masu koyo suke raina karkatar ƙasa, ƙwallonsu ta bi ta ƙasan rami.

Shawarar da ake ba mai koyon karatun gangare ita ce ya tambayi kansa: da za a zuba bokitin ruwa a nan, ina zai bi? Ana kuma ce masa ya taka wurin ya ji da tafin ƙafarsa wace ƙafa ta fi ɗaukar nauyi. Mai noman rani a fadamun Kafur da Ɗanja wanda yake daidaita fangali don ruwa ya kai kowane lungu, wannan tambaya yake amsawa kullum. Haka mai yanke shawarar inda kunya za ta fuskanta don kada ruwan Agusta ya yi masa zaizaya. Ilimin da ake biyan kuɗi a koya a can, a nan gado ne.

Kiri-kiri da kuɗin ruwa

Da aka buɗe filin IBB a Abuja a 1991, da korayen fagage irin na talabijin, sai ma'aunin daraja ya sauya. Kulob mai burawun ya fara jin kunyar kansa, komawa ciyawa ya zama abin da shugabannin kulob suke alkawari. Suna da hujja. Gasannin duniya a kan ciyawa ake yin su, kuma yaron da ya girma a kan shimfiɗaɗɗen yashi zai sha wuya ranar da ya fara haɗuwa da fage mai tudu da santsi. Baƙin mai kuma guba ne. Yana ɗauke da dattin ƙarfe, yana kashe ƙasa, yana iya bin ruwa ya shiga rijiya. Babu manomin da zai yarda a zuba shi a gefen gonarsa.

Sai dai a duba abin da ciyawar take ci. Irin da ake shukawa a fagagen ƙasashe masu zafi dangin kiri-kiri ne, ciyawar nan da muke kwana muna yaƙi da ita a gona. A gona ba ta jin kashewa, amma da an ce ta zauna a tsawon milimita kaɗan, kore shar a watan Maris, sai ta zama 'yar lele. Tana son ban ruwa kusan kullum, da taki, da maganin ƙwari, da injin yanka wanda kayan gyaransa daga waje suke zuwa, da man janareto na tura ruwa. Duk wannan a garuruwan da unguwanni da yawa suke dogara da 'yan garuwa. Kuɗin yana komawa kan kuɗin shiga kulob, kuɗin shiga kuma shi ne sabon shingen da ya maye gurbin na Bature. In kuwa kuɗi ya yanke shekara guda, fagen ciyawa ya mutu, ya koma abin da bai kai burawun ba.

Akwai kuma maganar fili. Filayen wasan nan suna tsakiyar unguwannin da ƙasa ta fi tsada, kuma mun ga yadda sararin jama'a da yawa a biranen Arewa ya koma fulotai da shaguna. Filin da mutum ɗari biyu kawai suke shiga, ranar da aka zo yanka shi mutum ɗari biyu ne za su yi kuka. Wanda yaran unguwa suke da rabo a cikinsa ya fi samun masu tsaya masa.

Wasu ƙasashe ba su ga dalilin zaɓar ɗaya su yar da ɗaya ba. A ƙauyukan Ostireliya da na tsakiyar Amurka, inda manoman alkama da makiyaya suke wasan, har yanzu akwai filaye masu fagen yashi, waɗanda 'yan gari suke kula da su da kansu, da yawansu kuma sun bar baƙin mai sun koma man tsirrai. A 2024 har gasar duniya ta fagen yashi aka fara a jihar New South Wales ta Ostireliya, ta maza da ta mata. Mu da muke zaune a yankin da ake matse man angurya da na waken suya, ba mu da dalilin cewa hanyar ta fi ƙarfinmu.

Abin da ya rage a hannunmu

Ba muna kiran a gina filin ramuka 18 a Kafur ba, gonakinmu sun fi mana shi amfani. Amma fagen rami guda, mai faɗin taku goma, a harabar makarantar sakandare, ba ya cin komai sai yashin rafi da rariya da ɗan mai da buhu. Sanda ɗaya ta ishi yara ashirin, maƙerin gari ma zai iya ƙera ta. Wasan ya koma gasar Olamfik a 2016 bayan rabuwa da ita tun 1904, kuma kusan rabin lissafinsa a wannan ɗan fage yake. Yaron da ya iya auna ƙarfin hannunsa a kan yashi ya riga ya mallaki abin da ya fi wuyar koyarwa. Gangaren ciyawa zai koya daga baya, kamar yadda waɗanda suka riga shi suka koya.

Aiki na biyu na masu tarihi ne. A Zariya da Kano da Kaduna da Jos akwai dattawan da suka ja buhu suna yara, suka san awon yashi da mai, suka san yadda ake bugu da hunturu da yadda ake yi bayan ruwan farko. Iliminsu a ka yake, kuma kowace shekara suna raguwa. Sassan tarihi na Jami'ar Ahmadu Bello, da ta Bayero, da ta Umaru Musa 'Yar'aduwa suna da ɗaliban da suke neman abin rubuta kundi. Ga shi nan a bayan shingen kulob, ba a Turance yake ba, ba ya kuma buƙatar biza.

Ƙwallo ba ta san launin abin da take mirginawa a kai ba. Abin da ake ƙirgawa shi ne ko ta faɗa. Hausawa sun riga sun yanke wannan hukunci tun kafin su ga sandar Bature: ba girin-girin ba, ta yi mai.